Mota mai agzilari tana kuka a ƙasa? Ga yadda za ka gano ciwon kafin ka sayi kaya

Jama'a assalamu alaikum. Wanga bayani na daɗe ina son in yi shi saboda masu Hilux da Land Cruiser da Prado, motocin nan masu agzilari wato masu jan ƙafa huɗu, da ke shiga daji, musamman in damina ta wuce, motoci sun sha ruwa sun sha taɓo ga kuma ƙurar hunturu tana tafe. Abin da ya sa na zauna na rubuta shi ne wani Alhaji mai fataucin albasa da ya kawo mana Hilux ɗinshi gareji nan Sakkwato, ya ce mani "Malam wagga mota ta ishe ni, an canza mani aksul na baya gaba ɗaya amma kukan na nan awa ba a taɓa ta ba." Na ce ranka shi daɗe mu zaga da ita tukuna. Ba mu yi nisa ba bisa hanyar Kware na ji abin, munka dawo na shiga rami na kama farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi ga aksul, na murɗa, sai ga kuros na baya, wato gaɓar nan mai kofuna huɗu da ke bakin farfela, shina wasa, jan garin tsatsa duk ya fito bakin kofunanshi. Kuros guda ɗaya tal. Aksul ɗin da anka cire mashi ƙila lafiyarshi lau, kuɗi dai sun tafi, kuma abin ya yi mani ciwo ƙwarai don na san yadda mutumin ke wahala kafin ya tara su.

Farko dai ka san hanyar da ƙarfi ke bi. Daga inji zuwa giyabos, daga giyabos zuwa taransifa wato akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya, daga nan farfela biyu ta gaba da ta baya, kowace ta shiga aksul ɗinta inda kiraun da finiyon suke, wato ƙarafa biyu masu haƙora da ke juya shaf, sannan shaf ya kai wa taya. Duk kukan da za ka ji a ƙasa cikin waɗannan wurare yake, sai ko boris ɗin taya da ita tayar kanta.

Kafin kowa ya ɗauki sufana, a hau motar. Kashe rediyo, kashe esi, sauke gilashi, nemi kwalta mai kyau wadda babu cunkoso, kuma in da hali ka sa yaro ya zauna kujerar baya don mai tuƙi kullum gani yake ƙarar daga gaba take. Ka tsaya cik ka sa giya ta gaba sannan ka mayar ribas, in ka ji "kwas" kamar an buga guduma a ƙarfe lokacin da mota za ta ɗauka, ko kuma duk sanda ka taka totur ka saki ka ji wannan bugun, to zargi na farko kuros ne, na biyu wasa cikin aksul, na uku robar da ke riƙe inji ko giyabos ta yage. In kuma kana tafiya a hankali cikin unguwa kana jin "tsiit tsiit tsiit" yana bin gudun mota, wannan kuros ne da ya bushe yana neman giris, bai gama mutuwa ba amma ya kama hanya.

Sai ka ƙara wuta. In rawa ta taso daga ƙarƙashin kujera har madubi na karkarwa, farfela ce ko boris ɗin tsakiyarta, in kuwa sitiyari ne ke rawa a hannunka to ka fara da balansin tayoyin gaba, ba ruwan farfela. Kukan da ke kama da "wuuu" yana tashi in ka taka totur ya lafa in ka saki, ko kuma ya yi shiru kana takawa sai ka saki ya taso, wannan na aksul ne, haƙoran kiraun da finiyon ko boris ɗin finiyon. Amma gurnanin da ba ya kula da totur ko kaɗan, ka taka shina nan ka saki shina nan ka sa firi mota na gangarawa shina nan, to wannan boris ɗin taya ne ko tayar. Yadda za ka raba su, ka ɗan karkata mota hagu da dama a hankali inda babu kowa, in gurnanin ya ƙaru lokacin da ka karkata hagu galibi boris na dama ne don nauyi ya koma bisanshi, haka in ka juya. Ita taya kukanta na canzawa ne in kwalta ta canza, ka sauka kan burji ka ji ya ɓace. Masu sa tayoyin nan masu manyan haƙora sun san abin da nake faɗi, da yawa an canza masu boris alhali taya ce ke waƙarta.

Gwaji na ƙarshe a hanya, ka nemi fili mai ƙasa, ka sa agzilari, ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali kana ɗan taka totur, sannan ka juya ɗaya gefen. "Ƙas ƙas ƙas ƙas" daga tayar gaba, kan shaf na waje, wato gaɓar da ke lanƙwasawa kusa da taya, shi ne ya tafi.

To yanzu a shiga ƙasa, kuma nan ina roƙonku don Allah. Ƙasarmu rairayi ce, jak na nutsewa yana zamewa, kar wanda ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita. A samu rami ko daɓen siminti, a sa ƙafar ƙarfe ko kututture mai ƙwari, a tokare tayoyi gaba da baya da dutse ko katako. Kuma ka sani in ka kwance farfelar baya to giyar da ka bar mota a ciki ko P na otomatik ba su riƙe ta kuma, tokarar nan da hambirki su kaɗai ke tsakaninka da ita.

Ka sa mota firi don farfela ta saki, ka kama ta da hannu biyu, hannu ɗaya kowane gefen kuros, ka murɗa gaba da baya sannan ka tura sama da ƙasa. Kuros mai lafiya ba ya wasa ko kaɗan, ko ɗan motsi ka ji a tsakaninshi da kofunanshi ya gama aiki. Ka haska tocila ka duba kofunan nan huɗu, in ka ga jan gari kamar garin jan bulo to alluran ciki, wato siraran ƙarafan da ke jere cikin kofi, sun bushe suna cin junansu. Akwai kuma wanda ba ya wasa amma ya ƙage, wannan sai an sauke farfela ka lanƙwasa shi da hannu ka ji yana sarƙewa. Hilux mai ƙofa huɗu farfelarta ta baya biyu ce a haɗe, akwai boris a tsakiya cikin roba, ka tura ka gani, in robar ta tsage ko farfela na faɗawa cikinta to shi ma yana kawo rawa musamman lokacin tashi da kaya. Ka bi jikin farfelar da ido, in dutse ya lotsa ta ko ɗan ƙarfen balansin da anka manna mata ya fita, ko kuros sabo ka sa rawa ba za ta bari ba.

Canjin kuros aiki ne mai sauƙi amma nan ne yara ke ɓata aiki saboda gaggawa. Kafin ka kwance noti ko ɗaya ka sa fenti ko alli ka yi alama inda farfela ta haɗu da aksul, da inda ta haɗu da taransifa, da wurin da take zugewa tana shiga cikin 'yar'uwarta, don ta koma daidai yadda ta fito. In ka zare wurin zugewar nan ka mayar da shi haƙori ɗaya ko biyu a karkace, kunnuwan da ke riƙe kuros na gaba da na baya ba su kan layi ɗaya, to ka saya wa mai mota rawar da ba shi da ita da can. Ka cire kilif huɗu, ka matse kofunan su fita da bais da soket, ka goge ramukan tas. Wajen sa sabo ka shafa giris cikin kofi don alluran su tsaya tsaye, ka tura a hankali, in ka ga kofi ya ƙi zama har ramin kilif ya bayyana to allura ɗaya ta faɗi ta kwanta a gindi, ka fitar ka gyara, kar ka ce guduma za ta shigar da shi don fasa kofin za ka yi. Bayan kilif sun zauna ka ɗan bubbuga kunnuwan kaɗan don ya saki, ya riƙa juyawa sumul ba tauri ba wasa. Sannan ka buga giris ta nonon, wato ɗan bakin da ake ɗura giris ta cikinshi, har sai ka ga sabo ya ɓullo ta kofuna huɗun duka, ba biyu ba ba ukku ba, wanda bai fitar ba shi ne zai fara mutuwa. Shi kuwa wurin zugewa kaɗan ake sa mashi, in ka cika shi maƙil ba ya samun wurin motsi sai ya riƙa tura taransifa.

Ni a ganina rabin kuros ɗin da ke mutuwa garin nan rashin giris ne kawai. Ana zuwa juyen baƙin mai a canza filta a tafi, babu mai tunawa da nonon farfela, wasu ma taɓo ya rufe su har mai motar bai san akwai su ba.

Mu koma gaba. Hilux na zamani da Prado shaf biyu gare su a gaba, kowane da roba biyu, ta ciki da ta waje. Robar nan ita ce rayuwar shaf. Ka murɗe sitiyari ka leƙa ka buɗa lanƙwasar robar da yatsa, don tsagewa a cikin lungu take ɓoyewa, kuma in ka ga baƙin giris ya fantsama jikin rim ko shokozoba to ta riga ta fashe. Ƙaya da kututturen gero a gona da zafin rana su ke cinye ta, kuma da ta buɗe rairayi ya shiga ya haɗu da giris sai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, in ka murza tsakanin yatsu biyu za ka ji shi ƙaras ƙaras. In ka kama abin da wuri bai fara ƙara ba, a sauke shaf a wanke kan tas da fetur ko kananzir a bushe, a cika da baƙin giris na shaf wanda ake kira moli, ba giris ɗin boris mai ruwan ɗorawa ba, a sa sabuwar roba a ɗaure da maɗaurinta na ƙarfe. Ɗaurin waya ko tsinken tib ba ya kai ko'ina. In kuwa ya fara ƙas ƙas to giris ba ya maido ƙarfen da ya cinye, sai canji, kuma ka tafi da tsohon kasuwa a ƙirga haƙora ciki da waje a gwada tsawo. Kan shaf na ciki shi ba ya cika yin ƙas ƙas ba, rawa yake kawowa in ka taka wuta cikin agzilari. Masu Land Cruiser mai doguwar aksul a gaba irin 79 ɗin nan, ku ku duba ƙwallon da ke bayan taya, in kunka ga wani abu na tsiyaya kamar kunu baƙi to sil na ciki, wato robar da ke tare mai, ya mutu man aksul ya haɗe da giris, sai an buɗe an wanke an canza sil da boris.

Boris ɗin taya kuwa ka ɗaga tayar ka kama sama da ƙasa ka girgiza, in akwai wasa ka sa wani ya taka birki ka sake, in wasan ya ɓace boris ne, in shina nan ka duba boljoyin. Wasan da ke gefe da gefe kaɗai na tayarod ne. Ka juya tayar ka ɗora hannu bisa sifirin za ka ji gurzar tana zuwa hannunka. Na baya a Hilux matse shi ake a jikin shaf, wurin masu injin matsa ake kai shi, kuma a canza sil tare don in ya yoyo man aksul na jiƙa birki.

Sai aksul, inda manyan kuɗi suke, shi ya sa ba a yanke mashi hukunci sai an ga mai. Ka fara kwance notin zubawa na sama kafin na juyewa na ƙasa, don in ka juye mai sannan na sama ya ƙi kwancewa ka shiga ukku. Ka sa yatsa, ya kamata mai ya kai bakin ramin. Ka juye cikin kwano mai tsabta ka fito da shi rana ka duba. Notin ƙasa akwai maganaɗisu jikinshi, in laushin baƙin gari ne kamar kwalli wannan ba komai, in ka ji ɓarɓashi mai kaifi ko gutsuren haƙori to sai an buɗe. In mai ya fito fari-fari kamar shayi da madara ruwa ya shiga, kuma wannan shi ne ciwon masu tsallake fadama da kwazazzabai wajen su Wurno da Goronyo da damina, aksul ya yi zafi ka faɗa ruwa mai sanyi da shi sai ya zuƙo ruwan ta hancin numfashinshi da ke sama. Duk ranar da ruwa ya kai maka tsakiyar taya ka duba man aksul biyu da na taransifa, kar ka jira lokacin sabis. Shi wannan hancin ma ka cire ka wanke ka busa, don in taɓo ya toshe shi, ga zafin Sakkwato da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, iska na kumbura ciki ta tura mai ta sil, ka canza sil sau nawa yoyo ba zai bari ba. Man da ake zubawa wanda anka rubuta GL-5 jikinshi ne, kaurin kuma ka bi abin da littafin motarka ya ce, da yawa tsofaffin na shan 80W-90, in kuma aksul ɗinka mai LSD ne, wato wanda ke rage juyin banza na taya ɗaya in ta rasa riƙo, to akwai man da anka rubuta LSD jikinshi, shi za ka nema.

Ka kama bakin finiyon inda farfela ke ɗaurewa ka tura sama da ƙasa, bai kamata ya motsa ba sam, ɗan wasan juyawa kaɗan shi wannan dole ne. In sil ɗin wurin ne kawai ke yoyo za a iya canzawa, amma a yi alama a notin a ƙirga zaren da ya fito a mayar da shi daidai inda yake, don a bayanshi akwai wani ƙarfe da ke lotsewa gwargwadon ɗauri, in anka ɗaure da ƙarfin tsiya boris ɗin finiyon zai ƙone cikin 'yan kwanaki. Saitin kiraun da finiyon kuwa gaskiya ba aikin kowane bakanike ba ne, ka tambaya a Buzaye, wurin makanikai na Sakkwato, ko duk inda kake gyara wane ne ya iya shi, wanda zai shafa fenti a haƙora ya juya ya duba inda suke haɗuwa.

In dole sai an sayi aksul na Beljiyam, ga abin da mutane ke mantawa kuma shina kashe taransifa: lissafin haƙoran gaba da na baya dole su zama ɗaya. Ka ƙirga haƙoran kiraun ka raba da na finiyon, 41 da 10 shi ne 4.10, 43 da 10 shi ne 4.30, a ido kamarsu ɗaya amma in ka haɗa su a mota guda, ranar da ka sa agzilari gaba da baya kokawa za su yi. In ba a buɗe ba, aksul wanda ba LSD ba ka riƙe taya ɗaya ka juya ɗayar sau biyu cif kana ƙirga juyin bakin finiyon, abin da ka samu shi ne lissafin. Haka tayoyi, huɗun su zama lamba ɗaya kuma cinyewarsu kusa da juna.

Ita taransifa ba ta cika lalacewa da kanta ba, mu ke kashe ta. Hilux da Land Cruiser 79 agzilarinsu na sa-da-cirewa ne, H2 wato ƙafa biyu a kwalta, H4 wato ƙafa huɗu a rairayi da taɓo, L4 wato ƙafa huɗu mai ƙarfi a hankali in an kafe ko hawa da kaya, kuma L4 sai an tsaya cik an sa firi ko an taka kuloci. Direba ya fito daga daji ya hau kwaltar Illela ya manta da H4, sai sitiyari ya yi nauyi taya na kuka a kwana liba ta ƙi fita, to ƙarfi ne ya ɗaure cikin farfela da shaf ba shi da wurin fita. Kar ka ja liba da ƙarfi, ka sauka gefen hanya kan ƙasa ka yi ribas kaɗan a miƙe za ta saki. Prado ita kullum ƙafa huɗu take ja, nata dokar kar ka sa makullin taransifa da ke ɗaure gaba da baya a kwalta. Sannan masu motar da ba ta fita gari, littafin Toyota da kanshi ya ce a riƙa tafiya da agzilari kamar kilomita 16 duk wata don mai ya zaga kayan gaba, musamman masu maɓalli a maimakon liba, don ƙaramin moton da ke sa shi na ƙagewa in ya daɗe a zaune. In wuta na ƙiftawa agzilari ya ƙi shiga, a fara da soket da wayoyin da ke jikin taransifa da aksul na gaba, sau da yawa taɓo ne ko waya ta tsinke. Mai hob na hannu kuma, wato makullin da ake murɗawa a cibiyar tayoyin gaba, ya tabbatar duka biyun suna LOCK, ɗaya a FREE daidai yake da babu.

Bayan an gama kowane aiki a koma kan hanyar da anka ji ƙarar da farko, da gudun da anka ji ta, a sake duk gwajin nan. In an dawo ka kai bayan hannunka kusa da aksul da cibiyar kowace taya, ɗumi ba laifi, amma wanda ya fi 'yan'uwanshi zafi sosai akwai magana. Ka leƙa ko akwai ɗigo, sannan bayan tafiya ɗaya ko biyu a sake bin notukan farfela da sufana. Shi Alhaji mai albasa da ya dawo daga Gada munka sake shigar da ita rami, noti ɗaya ya ɗan saki munka ƙara mashi, munka buga giris, na kuma nuna wa direbanshi inda nonon suke ɗaya bayan ɗaya don har da na farfelar gaba da bai taɓa sanin akwai su ba.